Na Ce Musu Ƙwaya Ce

Direbanmu ne ya fara yin shiru. Tun da na hau a bakin titi, gaba da tashar Zakirai, bakinsa bai huta ba, yana tsokanar wata tsohuwa da ke zaune kusa da ni wai ita ce amaryarsa, ita kuma tana ce masa ko kyauta aka ba ta ba ta son miji mai warin fetur. Muna ta dariya. Sai kawai na ga ya kashe rediyo, ya gyara zaman hularsa da babu abin da ya same ta. Na leƙa ta tsakanin kawunan mutanen gaba. An gindaya itace a hanya, ga mota a ƙarƙashin wata darbejiya, ga mutane cikin kaki, ɗayansu mace. Ba irin shingen da ake wucewa da ɗaga hannu ba ne.

Abin da ya fara faɗo mini a rai, Allah ya yafe mini, ba addu'a ba ce. Fim ne. A fim ɗin ma haka masifa take farawa, da shiru.

Aike na fito. Gwaggona da ke Bacirawa tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma duk kaka Inna tana aika mata daga abin da muka noma. A gidanmu gyaɗa iri biyu ce: akwai mai ɓawo, akwai wadda aka ɓare, ita muke ce wa ƙwaya. Gwaggo ta yi waya ta ce kada a kawo mata mai ɓawo, ba ta da masu ɓara, ƙwaya take so. Muka zauna ni da Inna muka ɓare, muka sheƙe, muka cika wani tsohon buhun taki da aka wanke. Na gama sakandare, ina zaune a gida, don haka duk wani aiken birni ni ce.

A da ba ni ce ba. Yayana ne.

Shi ne kuma ya kawo fim ɗin gidanmu. Ya je kasuwa aka tura masa a memori, irin na ƙasashen waje da ake ɗora wa muryar Hausa, mutum ɗaya ya yi maganar jarumi, ya yi ta mugu, ya maƙale murya ya yi ta mace. Labarin yaƙi ne tsakanin jami'ai da masu safarar hodar iblis, a wata ƙasa mai dazuka da duwatsu. Wata jami'a ce take bin sawun wani hamshaƙin dila da mai fassarar yake ce wa Oga.

Lokacin ɓarar gyaɗa muke kallonsa. Bayan azahar sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, Yaya ya kifa turmi ya jingina wayar da dutse a kai, hannuwanmu suna aiki idanuwanmu suna kan allo. Inna ba ta kallo, amma kunnenta yana wurin. Can sai ta ce, "Wai su waɗannan mutanen ba sa salla ne? Tun ɗazu harbi, tun ɗazu harbi."

Yaya ya ce, "Inna, sun yi ƙasaru."

Ta jefe shi da ɓawo.

Mun kalle shi har na haddace. In caji ya ƙare a tsakiya, Yaya yakan ci gaba da baki, yana kwaikwayon muryar mai fassara har ya fi shi. Ban san lokacin ina cikin daɗi ba. Na ɗauka haka rayuwa take: inuwa, ƙamshin sabuwar gyaɗa, da yayanki yana yi miki muryar Oga da ɓawo a gefen baki a matsayin sigari.

Abin da fim ɗin ya iya, ya iya shi. Ya san yadda tsoro yake shiga jikin mutum, ba da ƙara ba, da ɗaukewar ƙara. Kuma bai mai da jami'ar nan waliyyiya ba. Ta gaji, a tsaye take cin abinci, takalminta yana matse ta, da ta shiga ofis sai ta cire ɗaya ta matsa ƙafarta. Ba ka taɓa sanin wa zai sayar da wa ba, har wanda ka amince da shi tun farko. Wannan duk na so su.

Abin da ba na so shi ne Oga. An yi masa kyau da yawa. Fararen kayansa ba sa datti ko a daji, maganar da ta fi kowacce daɗi a bakinsa aka sa ta, har samarin garinmu suka fara tafiya irin tasa, hannu ɗaya a aljihu. Harsashi kuma ba ya ƙarewa. Ƙarshen ma a gurguje aka yi shi, kamar mai girkin da itace ya ƙare mata.

Ni da Yaya a kan wannan muke musu. Wata rana na ce masa ai laifin fim ɗin Oga ne. Ya murza gyaɗa ɗaya a tsakanin yatsunsa.

"Ba shi ne laifinsa ba, ƙanwata," ya ce. "Fim ɗin nan ya san mai sayarwa, ya san mai kamawa. Bai san mai sha ba."

"Ai sun nuna su. Ga su can kwance a kwata."

"To shi ne nake gaya miki. A wurinsu mai sha kullum a kwance yake. Ba su san akwai wanda yake sha don ya tsaya ba. Don ya kai ƙarshen kunya a gonar wani kafin bayansa ya tsinke."

Na yi dariya na ce ya zama malamin fim. Ban gane ba sai da damina ta zagayo. Yaya yana gama aikin gonarmu ya wuce ƙwadago gonakin mutane, ya dawo ido jajur, ba ya cin abinci, ba ya gajiya. Baba ya ga katin maganin da yake sha a aljihun rigarsa. Bai dake shi ba, bai zage shi ba. Ya dai daina sa hannu a kwano ɗaya da shi. Da aka gama girbi Yaya ya ɗauki jakarsa ya ce zai tafi kudu neman aiki. A bakin zaure ya zare memorin daga wayarsa ya sa mini a tawa. "Riƙe mini," ya ce, "in na dawo mu ƙarasa musun." Da farko yana kira. Daga baya lambar ta daina shiga.

Wannan memorin yana cikin wayata ranar da aka tsayar da mu.

Aka ce kowa ya sauko, kowa ya tsaya kusa da kayansa. Aka buɗe but aka fara jido kaya: kwandon tattasai, daurin tsintsiya, kajin tsohuwa, sai buhuna biyu. Duka biyun buhunan taki ne, tambari ɗaya, cika ɗaya. Aka jefar da su gefe da gefe a ƙasa. Na je na dafa wanda ya fi kusa da ni. Ban duba ba. Wa yake duba buhunsa?

Wani dogon jami'i ya zo kaina. "Ke, me kika ɗauko?"

Na ce, "Ƙwaya ce."

Wallahi har yanzu in na tuna sai na ji sanyi a tafin hannuna. Wuri ya yi tsit. Ni ban ma san na faɗi wani abu ba, sai da tsohuwar nan ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, gyaɗa! Ce gyaɗa!"

"Gyaɗa ce," na ce. "Ƙwayar gyaɗa."

Dogon ya yi ɗan murmushi, wasu fasinjoji ma suka yi dariya. Ya ce, "To bari mu ga ƙwayar taki, Hajiya." Ya sa wuƙa ya farke bakin buhun da na dafa. Gyaɗa ta zubo, na sauke ajiyar zuciya. Sai ya tura hannu har gwiwar hannu, ya tsaya, ya zaro wata baƙar leda. Ya sake turawa, ya zaro wata. Ya yaga ɗaya, katin magunguna suka zube a ƙasa, irin wanda Baba ya gani a aljihun Yaya.

Babu wanda ya sake dariya.

Direba ya fara rantse-rantse. Ya ce buhu ɗaya saƙo ne aka ba shi a tasha, ɗaya kuma na yarinyar nan ne, shi bai san wanne ne wanne ba. Sai ya ƙara da abin da har gobe ban manta ba: "Ranka ya daɗe, ai ku da kanku kun ji abin da ta ce." Ba na riƙe shi a zuciya. Shi ma tsoro ne. Amma mutumin da yanzun nan yake ba mu dariya, ya kasa kallon fuskata.

A fim ɗin akwai wuri irin wannan. An tare wata doguwar mota, an sami kaya a ciki, an jera fasinjoji a bakin hanya. Sai jami'ar ta shiga motarta, hoto ya bi ta. Fasinjojin ba a sake nuna su ba. Sau nawa na kalli wurin ban taɓa tambayar ina suka kwana ba. Ranar na sami amsa: benci ake kai su.

Aka kwashe mu zuwa ofis, aka karɓe wayoyinmu. Sauran fasinjojin aka yi musu 'yan tambayoyi aka sallame su. Direba aka shiga da shi wani ɗaki. Ni aka nuna mini benci a baranda. Tsohuwar ma an ce ta tafi, ta ɗauki kajinta ta zo ta zauna kusa da ni.

Wani ya ce, "Iya, ai an sallame ki."

"Na ji. Tare muka taho da yarinyar nan, tare za mu tafi. Ko bencin ma na haya ne?"

Ban san sunanta ba, ba ta san nawa ba. Iya nake ce mata, tana ce mini 'yar nan.

Zaman nan shi ne abin da fim bai iya ba. A fim ana kama mutum, ana juyawa sai ga shi gaban mai tambaya, ya yi jarumta ko ya tona asiri, a wuce. Ba a nuna ƙishirwa. Ba a nuna mutum yana jin fitsari yana kunyar tambayar maza ina ne bayi. Ba a nuna an kira azahar a masallacin da ke bayan katanga, kana ji, ba ka san ko an yarda ka tashi ba. Ba a nuna tunani. Ina zaune ina ganin Inna tana cewa war haka ta isa, war haka Gwaggo ta zuba mata abinci. Ina jin abin da za a faɗa a bakin rijiya da wurin niƙa: gidan Malam wane, ɗa ya sha, 'ya ta yi safara. Ina ganin Baba yana janye hannunsa daga kwano, karo na biyu. Wannan ya fi gidan yari ba ni tsoro, ko da yake shi ma ina tsoronsa.

Sai kuma Yaya. Da yana nan da shi ne zai ɗauko buhun, kuma da ya san bakin da zai yi magana da shi. Ko kuwa da shi ne a bencin, da jajayen idanunsa, babu mai yarda da shi? Na rasa wanne zan roƙa. Na dai ji ina son in gan shi, ko da daga nesa, yana tahowa da tafiyarsa ta gaske, ba ta Oga ba.

Iya ta je ta samo ruwa a buta, ta tsaya a ƙofar bayi ta tsare mini. Muka yi salla a kan mayafinta. Ta kwance bakin zaninta ta ba ni ɓarin goro. Ni da ba na cin goro, na tauna.

Rana ta karkata kafin a kira ni. Macen nan ce da na gani a shinge. Ba ta yi kama da ta fim ba: gajera ce, mai jiki, da zanen kalangu siriri a kumatunta. Wayata tana kan teburinta.

"Zauna. Ke ce mai ƙwaya?"

Na zauna.

"Na duba wayarki. Karatun Alƙur'ani, waƙoƙin biki, hoton akuya. Sai wannan." Ta juyo mini da allon, ga Oga cikin fararen kayansa. "A nan kike koyon sana'ar?"

"Wallahi Anti, kallo kawai nake yi."

"Wa ya tura miki?"

"Yayana."

"Yana ina?"

A fim a nan ake kama mutum, ta wurin 'yan'uwansa. Na san haka. Na shirya zan ce yana gona. Amma da na buɗe baki sai na ji na ce, "Ban sani ba," sai kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace. Ba kukan buhu ba ne. Tun da ya tafi babu wanda ya tambaye ni yana ina. A gidanmu ba a ambatonsa sai a cikin addu'ar Inna, can ƙasa-ƙasa.

Matar ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma daka mini tsawa ba. Ta jira. Na ji motsi a ƙarƙashin tebur, na duba, sai na ga ta zare takalmi ɗaya tana matsa ƙafarta. Ta ga na gani.

"Na kalli fim ɗin naki," ta ce. "Duk cikinsa takalmin ne kawai gaskiya." Ta tura mini ruwan leda. "Share fuskarki. Wa ya ɗinke bakin buhunki?"

"Inna."

"Da me?"

Na tsaya. Sai safiyar ta dawo mini kamar an kunna ta. Inna tana durƙushe da basilla, igiya ta ƙare mata a rabi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko tsohon zaninta mai ruwan ƙasa da zanen ganye, ta yage tsiri ta ƙarasa ɗinkin da shi. Ragowar ta naɗe mini gammo, don mu biyu muka kama buhun aka ɗora mini zuwa bakin titi.

"Gammon yana ina?"

Yana cikin jakata. Tun safe yana kan cinyata.

Ta mayar da takalminta, ta sa aka shigo da buhunan biyu. Wanda aka farke, sabuwar igiyar leda ce shuɗiya a bakinsa, ɗinki ƙanana a jere. Ɗayan kuwa, wanda ban dafa ba, ga ɗinkin Inna nan manya-manya a karkace, rabi igiya rabi tsumma mai zanen ganye. Ta warware gammona ta kara a jiki. Bakin yagar ma ya hau.

Duk da haka ta sa aka shimfiɗa tamfol aka zazzage buhun nawa har ƙasa. Gyaɗa ce, tun daga sama har gindi, wadda na ɓare da hannuna. Ƙamshinta ya cika ofishin, ƙamshin inuwar rumbunmu. Dogon jami'in ya leƙo ya ce mata sun yi magana da mutanen tasha, sun ce wani mai babur ne ya kawo buhu ɗaya da sassafe ya ba direba, yarinyar kuwa a bakin hanya ta hau da nata.

Matar ta ɗebi gyaɗa kaɗan ta watsa a baki.

"Mu ma a garinmu ƙwaya muke cewa," ta ce. "Uwata har yanzu haka take faɗa. Ni ce aiki ya ƙwace mini kalmar." Ta dube ni. "Ke ma daga yau, in mai kaki ya tambaye ki, gyaɗa kika ɗauko. Kin ji ko?"

Na ji. Har yau ban sake iya faɗarta ba, ko a tsakar gida. Sai in ce ɓararriyar gyaɗa, Inna ta ɗago ta dube ni ta mayar da kai. Fim ɗin ma ban sake kunna shi ba, amma ban goge shi ba. Ba nawa ba ne, ajiya ce. Kuma ina da abin da zan ƙara a musunmu: bai san mai sha ba, gaskiyar Yaya ce, amma bai san mutanen benci ba ma. Wannan ni na gano, kuma shi kaɗai nake son in gaya wa.

Ana kiran la'asar muka gama mayar da gyaɗar cikin buhu, ni da Iya, kajinta suna tsintar wadda ta gangara. Matar ta fito baranda ta miƙo mini wayata.

"Tashi ki tafi gida, ƙanwata. Ba ki da laifi. Babu abin da aka rubuta a kanki, babu wanda zai sake nemanki."

Ƙanwata. Yadda Yaya yake kirana.

"Kin sha wahala yau," ta ce. "Ba za ki iya da buhun nan ba. Kira wani naki ya zo ya ɗauke ki."

Na karɓi wayar. Lambar Gwaggo ya kamata in nema, tana kusa, da yaranta masu babur. Amma yatsuna ba su tambaye ni ba, suka danna wadda suka haddace. Na kara a kunne. Muryar matar nan ta kamfani ta ce ba a samun mai wannan lamba a yanzu.

Iya tana ɗaure ƙafafun kajinta. "Wa kike kira, 'yar nan?"

"Yayana."

"Ya ɗauka?"

"Tukuna," na ce.

Na sake dannawa.